Muhawara: Ta yaya furotin yake shiga ƙwayar halitta alhali ya fi ƙarfin tantaninta?

Ɗalibar Likitanci:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Akwai wata mas'ala da take ɗaure mini kai a darasin ƙwayoyin halitta, kuma ina roƙon a warware mini ita tun daga tushe. An koya mana cewa tantanin da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jikinmu maiƙo ne, kaurinsa bai kai nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma ko sukari da gishiri ba sa ratsa shi sai ta wasu kafofi na musamman. To amma a babi na gaba sai aka ce hanta tana kwashe LDL daga jini, wato dunƙulen maiƙo da furotin da ke dakon kolesterol, wanda faɗinsa ya kai nanomita 22, kuma ƙwayoyin ɓargo suna shigar da tiransferin, furotin ɗin da ke dakon ƙarfe a jini, ɗungurungum domin su samu sinadarin ƙarfe. Idan kafa ce take buɗewa har abu mai wannan girma ya wuce, me zai hana abin da ke cikin ƙwayar ya tsiyaye waje? Idan kuwa ruwan da ke kewaye da ita take kurɓa, ta yaya take tsamo furotin ɗaya daga cikin dubban da ke yawo a jini?

Malamin Bayokemistiri:
Wa alaikumus salam, 'yata. Babu kafar da take buɗewa, kuma furotin ɗin ba ya huda tantani ko kaɗan. Tantanin ne da kansa yake lotsawa ciki, ya naɗe abin da aka kama, sannan ya tsinke ya zama 'yar jaka a cikin ƙwayar, ta yadda abin da ya shigo yana nan kewaye da tantani, bai gauraya da ruwan ciki ba. Zaɓen kuwa aikin makarɓa ne, wato wasu furotin da ke kafe a jikin tantanin, kansu a waje, jelarsu a ciki, kowane makarɓi da abin da surarsa ta dace da shi. Gaskiya ne ƙwayar halitta tana kurɓar ruwa a kowane lokaci, amma abin da za ta samu ta wannan hanya bai taka kara ya karya ba, alhali makarɓi yana iya tara abin da ake so fiye da sau 1,000 kafin a haɗiye shi.

Waɗanda suka fara bayyana abin su ne Thomas Roth da Keith Porter a 1964, kuma a jikin sauro suka gan shi. Macen sauro idan ta sha jini, jikinta yana ƙera furotin ɗin gwaiduwa ya zuba a ruwan jikinta, ƙwayayen da take ɗauke da su kuma su kwashe shi da gaggawa. Da suka duba ƙwan sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara a madubin lantarki, wato na'urar da ke nuna abubuwa mafi ƙanƙanta, sai suka tarar fuskarsa cike da ƙananan ramuka, kowane rami da wani rufi mai tsika-tsika ta ɓangaren ciki, ga kuma 'yan jakunkuna masu irin wannan rufi da suka riga suka tsinke. A 1975 Barbara Pearse, a Kambirij ta Ingila, ta tace irin waɗannan jakunkuna daga ƙwaƙwalwar alade, ta nuna cewa furotin ɗaya ne ya rinjayi rufin, shi ne kilatirin. Kowane kilatirin ƙafa 3 gare shi, kuma ƙafafun suna sarƙewa da na maƙwabta su ba da raga mai kusurwa 6 da mai kusurwa 5, ragar tana lanƙwasa tantanin kamar yadda mai saƙar kwando yake jan kaba sannu a hankali har gindin kwandon ya yi zurfi. Kilatirin bai san makarɓi ba. Akwai wani furotin a tsakani, AP2, wanda yake riƙe jelar makarɓi ta gefe ɗaya, ya riƙe ragar ta ɗaya gefen. Idan ramin ya zurfafa har wuyansa ya tsuke, sai wani furotin mai suna dainamin ya naɗe wuyan ya datse shi. Duk wannan yakan ɗauki kimanin minti 1, kuma da zarar jakar ta tsinke ake warware ragar domin a sake amfani da ita.

Tsohon Malamin Sakandare:
Malam, Allah ya ƙara basira. Ni dai na tsufa a kan allo ina koyar da bayoloji, kuma abin da nake yawan ja wa ɗalibai kunne a kai shi ne hoto ba hujja ba ne a kan motsi. Ƙwayar da aka sa a madubin lantarki matacciya ce, an busar da ita an yanka. Wanda ya ga rami a jikin tantani, da me zai rantse cewa shiga ramin yake yi, ba fitowa ba? Kuma ko an yarda shiga yake yi, ina shaidar cewa makarɓi ne ya jawo kayan zuwa ramin, ba dacewa aka yi ba?

Likitan Yara:
Baba, tambayarka a kan hanya take, kuma amsarta daga wajen marasa lafiya ta fito. Akwai wata cuta ta gado da take sa kolesterol ya yi yawa a jini tun daga haihuwa. Wanda ya gaji lalatacciyar ƙwayar gado daga mahaifi ɗaya, kuma irinsu sun kai kusan mutum 1 cikin 250, LDL ɗinsa yakan ninka na sauran mutane sau 2. Wanda ya gada ta ɓangarorin biyu kuwa nasa yakan ninka sau 6 ko fiye, za ka ga wasu ƙulli masu ruwan ɗorawa a gwiwar hannunsa da agararsa, kuma bugun zuciya yana iya kama shi tun yana firamare.

Michael Brown da Joseph Goldstein, a birnin Dallas na Amurka, sun fara aiki a kan wannan cuta a farkon shekarun 1970. Sun ɗebi 'yar fata daga masu lafiya da kuma daga irin waɗannan yara, suka raini ƙwayoyin a faranti. Ƙwayar mai lafiya idan aka zuba mata LDL sai ta rage ƙera nata kolesterol, tunda ga shi an kawo mata. Ƙwayar mai cutar kuwa ci gaba take yi da ƙerawa ko da an cika farantin da LDL. Daga nan suka yi wa LDL alama da sinadarin aidin mai fitar da haskoki marasa ganuwa da na'ura take aunawa, suka yi gwajin da ya amsa tambayarka ta farko. A sanyin digiri 4 LDL yana manne wa ƙwaya amma ba ya shiga, domin ana iya wanke shi. Idan aka ɗumama farantin zuwa digiri 37, cikin 'yan mintuna wanki ba ya fitar da shi, bayan ɗan lokaci kuma sai a fara ganin gutsattsarinsa a ruwan farantin, alamar an narkar da shi. Abokin aikinsu Richard Anderson ya ɗauki hotuna a kowane mataki na ɗumamawar, aka ga LDL a rami, sannan a jaka, sannan can ciki. Ramukan ba su wuce kashi 2 cikin 100 na fuskar ƙwayar ba, amma a cikinsu aka tarar da mafi yawan LDL ɗin da ya manne.

Tambayarka ta biyu kuwa wani yaro ne ya amsa ta, wanda littattafai suke kira J.D. Makarɓansa suna kama LDL daram, babu abin da ya samu kansu, amma a warwatse suke a fuskar ƙwaya, ba sa taruwa a rami, saboda haka LDL ba ya shiga. Da aka karanta ƙwayar gadonsa a 1986, sai aka ga amino asid ɗaya tak, wato tubali ɗaya cikin tubalan da ake gina furotin da su, shi ne ya sauya a jelar makarɓin, a gurbi na 807, inda sistin ya maye gurbin tairosin. Cutarsa ba ta bambanta da ta wanda ba shi da makarɓi kwata-kwata ba. Brown da Goldstein sun karɓi kyautar Nobel a 1985.

Malamin Bayokemistiri:
Bari in ƙara wa Baba shaida ɗaya a kan motsi. Akwai wani nau'in ƙudan 'ya'yan itace da dainamin ɗinsa yake daina aiki idan zafi ya kai wajen digiri 30. Ƙudan yakan faɗi a sandare, kuma idan aka duba bakin jijiyoyinsa za a ga ramuka jere, kowanne da wuyansa da zobe a wuyan, sun kasa tsinkewa. Idan aka mayar da shi wuri mai sanyi sai ya miƙe ya tashi. A yau kuma ana manna wa kilatirin furotin mai ƙyalli, a kalli ramukan suna bayyana suna ɓacewa a ƙwaya mai rai.

Ɗalibar Likitanci:
Na gode, Malam, na gode, Dakta. To idan jakar ta shiga, makarɓin ma narkar da shi ake yi tare da kayan? Domin idan haka ne, ina ganin asarar ta yi yawa, a ƙera furotin mai amino asid fiye da 800 don ya yi aiki sau ɗaya kawai.

Malamin Bayokemistiri:
A nan ne, a ganina, ainihin hikimar al'amarin take, kuma nan ne ɗalibai suka fi yi wa karatun tsallake. Jakar tana haɗewa da wani zango da ake kira indosom, wanda yake da famfo a tantaninsa mai tura asid ciki. A ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba take nufin ƙarin tsami, jini yana kan 7.4, indosom yana wajen 6, laisosom kuma, inda ake narkar da kaya, yana tsakanin 4.5 da 5. Wannan ɗan tsami shi yake raba gardama. Makarɓin LDL idan ya ji tsami sai ya naɗe kansa, wani sashe nasa ya mamaye gurbin da LDL yake zaune, LDL ya suɓuce. Makarɓin ya bi wasu siraran bututu ya koma fuskar ƙwaya, LDL kuma a wuce da shi laisosom, a farfasa furotin ɗinsa, a saki kolesterol ɗin da ke cikinsa, wanda ya kai ƙwaya 1,500 a kowane dunƙule. Zagaye ɗaya yana ɗaukar kamar minti 10, makarɓin kuma yana rayuwa kimanin sa'a 20, sai ki yi lissafin sawun da yake yi.

Yanzu ki dubi tiransferin, wanda tsamin nan ɗaya yake yi wa akasin haka. Yana zuwa ɗauke da ƙwayar ƙarfe 2, makarɓinsa ya kama shi, su shiga ta rami iri ɗaya. A indosom ƙarfen ne yake sakin tiransferin, amma tiransferin ɗin da ya zama fanko yana ƙara riƙe makarɓinsa a cikin tsami, saboda haka tare suke komowa waje. Da sun iso inda babu tsami sai ya saki makarɓin, ya koma jini neman wani ƙarfen. Dalilin wannan tattali a fili yake: ɓargo yana ƙera jajayen ƙwayoyin jini fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, yana buƙatar ƙarfe miligiram 20 zuwa 25 a rana, alhali duk ƙarfen da ke kan tiransferin a jini a lokaci guda bai wuce miligiram 3 zuwa 4 ba. Da narkar da shi ake yi a kowane sawu, da hanta ba ta da wani aiki sai ƙera shi. Akwai kuma kashi na uku, irin makarɓin sinadarin EGF mai umartar ƙwaya ta rabu, wanda ake yi wa tambari da ɗan furotin yubikwitin a wuce da shi laisosom da gangan, domin umarnin ya mutu.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Malam, ka ba ni dama in kawo abin kan kanta, domin mutane da yawa suna shan maganin da ya dogara da wannan zagaye ba tare da sun sani ba. Magungunan sitatin, irin su atobastatin da muke bayarwa kullum, inzayim ɗin, wato furotin mai gudanar da aikin ƙera kolesterol a hanta, suke toshewa, kuma Akira Endo na Japan ne ya fara samo irinsu daga wata fumfuna a shekarun 1970. Sai dai ba toshewar ce kai tsaye take sauke LDL na jini ba. Ƙwayar hanta ce idan ta ji kolesterol ya yi mata ƙaranci take ƙara yawan makarɓa a fuskarta, su kuma su kwashe na jini. Shi ya sa yaron da ba shi da makarɓi ko ɗaya sitatin ba ya yi masa wani abin kirki. A 1984 aka yi wa wata yarinya 'yar shekara 6 mai irin wannan cuta dashen hanta da zuciya a Pittsburgh ta Amurka, kuma LDL ɗinta ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100, saboda sabuwar hantar ta zo da makarɓanta.

Akwai kuma PCSK9, furotin da hanta take fitarwa, wanda aka gano alaƙarsa da kolesterol a 2003. Idan ya manne wa makarɓin LDL suka shiga tare, tsamin indosom ƙara masa riƙo yake yi, makarɓin ya kasa naɗewa, a wuce da shi laisosom. Helen Hobbs da Jonathan Cohen sun ruwaito a 2006 cewa kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka da aka bincika suna da ƙwayar gadon PCSK9 guda da ba ta aiki, LDL ɗinsu ya gaza na sauran mutane da kashi 28 cikin 100, ciwon jijiyoyin zuciya kuma ya ragu a cikinsu da kashi 88. Alluran da ke kama PCSK9 sun shigo kasuwa a 2015, ko da yake kuɗinsu ya fi ƙarfin mafi yawan masu zuwa kantinmu.

Tsohon Malamin Sakandare:
Hajiya, idan yawan makarɓa ne yake yanke hukunci, ashe ke nan an zalunci kitse da man shanu, tunda mai makarɓa da yawa zai ci abinsa lafiya. Sannan ina da wata tambaya da ta fi damuna. Shekara da shekaru muna koya wa yara cewa dakashi yana shigar da furotin ɗin garkuwa cikin jinin jariri. Idan kowane furotin sai da makarɓi yake shiga, kuma ciki narkar da furotin yake yi, ta ina na dakashi yake bi? Masu tallar garin kolajin, furotin ɗin da ke ƙarfafa fata, ma cewa suke yi yana tafiya kai tsaye zuwa fata.

Mai Harhaɗa Magunguna:
Ba a zalunce su ba, Baba, domin kitse mai daskarewa yana daga cikin abubuwan da ke sa hanta ta rage makarɓanta, don haka abinci da gado a wuri ɗaya suke haɗuwa. Batun kolajin kuwa gajere ne. Furotin ɗin da aka ci, ciki da hanji suna daddatsa shi zuwa amino asid da 'yan guntaye, jiki kuma ya kai su inda ya ga dama. Da furotin yana wucewa lafiya ta baki, da masu ciwon sukari ba su sha huda da allurar insulin ba.

Likitan Yara:
Game da dakashi, Baba, ɗan Adam ta mabiyiya yake samun garkuwar jininsa, tun yana ciki. Ƙwayoyin mabiyiya suna kurɓar ruwan jinin uwa, kuma a cikin indosom akwai wani makarɓi, FcRn, wanda ba ya kama furotin ɗin garkuwa na IgG sai a cikin tsami. Yana tsamo shi daga cikin abin da za a narkar, ya ratsa ƙwayar da shi, ya sake shi ta ɓangaren ɗan tayi inda babu tsami. Mafi yawan wannan jigila a watanni 3 na ƙarshe ake yin ta, har jaririn da ya cika wata 9 yakan zo da IgG da ya kai ko ya zarce na uwarsa, bakwaini kuwa yakan zo da kaɗan. Wannan ne dalilin yi wa mai juna biyu allurar rigakafin tetanus. Makarɓin nan dai shi ne yake ceto IgG da albumin, furotin mafi yawa a ruwan jini, a jikin manya, har suke yin kusan mako 3 kafin rabinsu ya ƙare. Dakashi kuwa wani furotin ɗin garkuwar, IgA, shi ne ya fi yawa a cikinsa, kuma aikinsa a cikin hanjin jariri yake, inda yake shafe bangon hanji ya hana ƙwayoyin cuta mannewa. Don haka al'adar matse dakashi a zubar, a ba jariri ruwa kafin nono ya kawo, cutarwa ce babba ko da ba jini yake shiga ba.

Likitan Dabbobi:
Dakta, abin da ka faɗa daidai ne a kan mutum, amma abin da Baba yake koyarwa shi ne gaskiyar garke. Mabiyiyar saniya da ta tunkiya da ta akuya ba ta barin IgG ya wuce, saboda haka ɗan maraƙi yana faɗowa ne da jini kusan babu garkuwa. Hanjinsa yana shigar da furotin ɗungurungum a sa'o'in farko, ƙarfin shigarwar yana raguwa tun daga sa'a 6, kuma zuwa sa'a 24 ya rufe. Maraƙin da uwarsa ta ƙi shi, ko ya makara bai kama nono ba sai washegari, shi ne za ka gani bayan mako guda da zawo, cibiya ta kumbura, gwiwoyi sun yi ruwa, ko da daga baya ya sha madara har ya ƙoshi.

Malamin Bayokemistiri:
Haka ne, Likita, sai dai ina da ja a kan sanya maraƙi cikin wannan babi. Hanjin maraƙi a ranar farko ba ya zaɓe, kusan duk babban furotin ɗin da ya tarar yana haɗiyewa, har ƙwayoyin cuta suna iya bi. Wannan kurɓa ce, ba aikin makarɓi ba. Ɓera ne yake da FcRn a hanjin jaririnsa, yana tsamo IgG daga nono kusan mako 3.

Likitan Dabbobi:
Ban yarda a fitar da shi gaba ɗaya ba, Malam, domin zaɓen yana nan, wuri kawai ya sauya. A makonnin ƙarshe kafin haihuwa hantsar saniya tana jawo wani nau'in IgG, wato IgG1, daga jininta ta tara a dakashi har ya ninka na jinin sau da yawa, alhali ɗan'uwansa IgG2 kaɗan ne yake wucewa. Abin da ya bambanta furotin biyu masu kama da juna haka ba kurɓa ba ne, kuma an samu FcRn a ƙwayoyin hantsar. Uwa ce ta yi tankaɗe, shi ya sa ɗan bai buƙaci yi ba.

Likitan Yara:
Ina so in kawo ɓangaren da ba shi da daɗi, domin mun gan shi da idonmu a annobar mashaƙo da ta tashi tun ƙarshen 2022, wadda ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa yankin Damagaram a Nijar. Ƙwayar cutar a maƙogwaro take zama, inda take shimfiɗa wata fata mai ruwan toka da ke zubar da jini idan aka taɓa, wuya kuma ya kumbura. Amma dafin da take fitarwa furotin ne mai sassa biyu. Sashe ɗaya yana kama wani furotin namu da ke fuskar ƙwaya, HB-EGF, a shigar da su ta ramin kilatirin. Da tsamin indosom ya taɓa shi sai ya sauya sura, ya nutse cikin tantanin jakar, ya tura ɗaya sashen zuwa ruwan ƙwaya, inda yake kashe wani furotin mai suna EF-2, wanda babu furotin ɗin da za a ƙera sai da shi. An nuna a gwaji cewa ƙwayar dafi ɗaya ta isa ta kashe ƙwayar halitta. Saboda haka ne yaro zai ga kamar ya warke, maƙogwaro ya washe, sai bayan mako 1 ko 2 zuciya ta fara rikicewa. Maganin dafin, wanda ake samowa daga jinin doki, wanda ke yawo a jini kawai yake kamawa, ba shi da iko a kan wanda ya riga ya shiga. Shi ya sa ba ma jiran sakamakon gwaji kafin mu ba da shi.

Tsohon Malamin Sakandare:
To ai ga magani a hannunmu, Dakta. Na san kulorokwin yana taruwa a irin waɗannan jakunkuna ya kashe tsaminsu. Me zai hana a ba yaron, dafin ya rasa abin da zai buɗe shi?

Mai Harhaɗa Magunguna:
A faranti yana yi, Baba, an daɗe da nuna cewa kulorokwin yana kare ƙwayoyin da aka zuba wa dafin mashaƙo. Amma irin wannan tunani ne ya ruɗi duniya a 2020. A ƙwayoyin ƙodar biri da ake gwaji da su, bairos ɗin korona ta indosom yake bi, don haka kulorokwin ya tare shi. Ƙwayoyin huhun mutum kuwa suna da inzayim TMPRSS2 a fuskarsu, wanda yake buɗe wa bairos ɗin hanya tun daga waje ba tare da ya nemi tsami ba, kuma babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin, bai rage mutuwa ba. Ga mashaƙo kuwa akwai ƙarin haɗari, domin kulorokwin da kansa yana rikita bugun zuciya idan ya yi yawa, ita kuma zuciyar ce dafin yake ci.

Ɗalibar Likitanci:
Akwai inda jikinmu ne yake cin ribar wannan dabara, wato mu ne muke tura dafi ta makarɓin ƙwayar cuta?

Likitan Dabbobi:
Akwai, ƙanwata, kuma a fagen aikina yake. Cikin ƙwayoyin cutar da ƙudan tsando yake yaɗawa akwai Trypanosoma brucei brucei, ɗaya daga masu jawo sammore, wadda take rayuwa a jinin saniya amma take fashewa cikin sa'o'i a jinin mutum. Wannan halitta duk abin da za ta haɗiya ta wani ɗan aljihu guda take shigar da shi, a gindin bulalar da take iyo da ita, kuma saurin haɗiyarta ya kai ta juya dukkan rigar furotin ɗin da ke jikinta cikin kimanin minti 12, abin da yake taimaka mata ta haɗiye garkuwar da ta manne mata. A aljihun akwai makarɓin da take kama haptogulobin, wani furotin na jini, mai ɗauke da himogulobin, furotin ɗin jajayen ƙwayoyin jini, domin ta samu sinadarin him da ke cikinsa. A jinin mutum kuwa akwai wani nau'in HDL, dunƙulen maiƙo da furotin ɗan'uwan LDL, da ke ɗauke da furotin mai kama da haptogulobin, tare da wani mai suna APOL1. Ƙwayar cutar tana kama shi a matsayin abinci, tsamin indosom ɗinta ya sa APOL1 ya nutse cikin tantani ya huda shi, ta kumbura ta mutu. Ɗakin binciken Etienne Pays a Beljiyam ne ya bayyana APOL1 a 2003, makarɓin kuma a 2008. Saniya ba ta da APOL1.

Nau'o'i biyu na wannan ƙwayar cuta da ke jawo wa mutum ciwon barci su ne suka samu mafita. Na gabashin Afirka yana ƙera furotin SRA da ke riƙe APOL1 a cikin indosom. Na yammacin Afirka, gambiense, cikin dabarunsa akwai sauya amino asid ɗaya a makarɓin, wanda ya rage masa kama wannan HDL.

Mai Harhaɗa Magunguna:
An ma gwada kwaikwayon wannan da hannu. Masu bincike a Ingila sun ɗaura guba a jikin furotin ɗin garkuwa da ke neman wannan makarɓi, irin yadda ake yi da maganin Kadcyla na sankarar mama, kuma allura ɗaya ta warkar da ɓerayen da aka sa wa cutar. Tsohon maganin ciwon barci, suramin, ma, wanda ya haura shekara 100, ta hanyar haɗiya yake shiga jikin ƙwayar cutar.

Likitan Dabbobi:
Na san da wannan aiki, Hajiya, amma ina da shakka biyu a kansa. Ƙwayar cutar tana iya rayuwa ba tare da makarɓin haptogulobin ba, an cire shi a gwaji ba ta mutu ba, don haka duk maganin da ya dogara da shi kaɗai yana koya mata ne ta yar da shi. Makarɓinta na tiransferin ya fi dacewa a nufa, tunda ba ta da wata hanyar samun ƙarfe, ko da yake shi kuma iri-iri gare ta, tana sauya su. Na biyu, sammoren da ya fi kashe shanu a wajenmu na wasu nau'o'in ne, vivax da congolense, kuma makiyayin da ke sayen ƙullin Berenil, maganin sammore, a kasuwar kara ba zai iya sayen maganin da sai an ajiye shi a firji ba, balle a ce kowace saniya sai an yi mata nata.